Wa Ya Tarar Da Wa A Bakin Rijiya: Salsalar Gidajen Farko A Ƙasar Daura

Idan dattawan ƙasar Daura za su ba da labarin kafuwar wani gari, tambayar da suke fara amsawa ita ce wa ya haƙa rijiya. Kafin a zo kan sarki, ko masallaci, ko kasuwa, sai an faɗi wanda ya fara samun ruwa a wurin da kuma wanda ya zo ya tarar da shi. Yanayin ƙasar ne ya jawo haka. Jigawa ce mai yashi, damina ba ta wuce kimanin wata huɗu, kuma babu babban kogin da ke gudu rani da damina, saboda haka duk inda mutane suka zauna suka daɗe, ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya zaunar da su. Shi ya sa salsalar babban gidan sarautar Hausa ta rataya a bakin Kusugu, rijiyar da har yau take cikin birnin Daura an gina mata ɗaki ana kai mata ziyara. Ra'ayina shi ne, salsalar gidajen farko a wannan ƙasa rikodi ce ta yarjejeniya tsakanin mai gida da baƙo: wa aka tarar, wa ya zo daga baya, me kowa ya kawo, me aka ba shi. Wanda ya karanta ta a matsayin jerin sunayen maza daga uba zuwa ɗa kaɗai ya bar rabin abin da ke cikinta.

Labarin Bayajida da kansa shi ne shaida ta farko. Kowa ya san gangar jikinsa: ɗan sarkin Bagadaza ya baro gida, ya sauka Borno, ya auri 'yar Mai, ya gudo da ita, ya bar ta a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja inda ta haifi Biram, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijiya, ya je ya kashe ta, sarauniya ta aure shi. Amma a duba yawan mutanen da ya dogara da su. Makamin na maƙeran Gaya ne, masauki da guga na Ayana ne, rijiyar kuwa wasu ne suka haƙa ta tun kafin ya zo. Garin yana da ganuwarsa da fadarsa da masu sarautarsa, domin a wata ruwaya Galadima aka fara aikawa ya dubo macijiyar ya tsaya daga nesa, sannan Ƙaura ya matsa ya tabbatar ta mutu. Girgam na Daura, wato jerin sarakunanta, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1928, ya lissafa magajiyoyi 17, daga Kufuru zuwa Shawata, kuma ya nuna cewa an yi zama a Tsohon Birni kafin a dawo Daura ta yanzu. Ruwayoyi sun saɓa a kan wadda Bayajida ya aura, wasu su ce Daurama, wasu su ce Shawata, amma babu ruwayar da ta ce ya ci garin da yaƙi ko ya iske kufai. Da aure ya shiga, kuma ɗansa Bawo da 'ya'yansa shida, waɗanda aka ce sun mulki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, ta wajen uwa suka gaji ƙasa. Har gobe sarautar Magajiya tana nan a fadar Daura, mace ce daga gidan sarauta take riƙe ta, kuma wannan kujera ita ce ɓangaren uwa na salsalar da aka ƙi bari ya mutu.

Wannan tsari ba a Daura ya tsaya ba. Tarihin Kano ya ce Bagauda ya tarar da mutanen Barbushe a gindin Dala. A Katsina, bayan sarauta ta fita daga hannun Durɓawa, ba a shafe su ba, Durɓi ya zama ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Ko'ina ka duba, wanda ya zo ya karɓi mulki sai ya bar wa wanda ya tarar wani abu da za a riƙa tunawa da shi.

A ƙauyukan masarautar, wato ƙananan hukumomin Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, haka abin yake a ƙaramin ma'auni, kuma a nan ne al'adar ta fi armashi. Galibi labarin yakan fara da maharbi da ya san dajin, ko manomi da gandun gidansu ya yi masa kaɗan ya fita neman saura, ko malami da almajiransa masu neman wurin karatu da noma, ko Bafulatani da ya kafa ruga kusa da fadama. Wanda ya fara saran daji ya haƙa rijiya shi ake sa wa wurin sunansa, a ce Gidan Wane, ko Unguwar Wane, ko Rijiyar Wane, ko Rugar Wane. Wanda ya biyo baya ba ya sa gatari sai ya yi sallama da na farko an nuna masa inda zai sara. Da gari ya ƙaru sai ayyuka su rabu gida-gida. Zuriyar mai saran farko takan riƙe mai unguwa ko dagaci, gidan malamin ya riƙe limanci, sannan a sami Sarkin Noma da Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska, kowace sarauta tana gudana a gida guda. Wani lokaci kuma sarki ko hakimi ya aiko da nasa mutum ya zama dagaci, amma duk da haka idan rikicin iyakar gona ya taso, ko ana neman sanin inda tsohuwar maƙabarta ta tsaya, ko inda burtali ya bi, tsohon gidan farko ake kira ya taka ƙasa ya nuna. Ikon yanke hukunci yana hannun mai rawani, sanin ƙasa yana hannun wanda kakansa ya sare ta, kuma kowa ya san matsayinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka adana wannan ilimi ba tare da takarda ba. Ranar suna ake fara ɗaura shi. Akan mayar wa jariri da sunan kakansa ko kakarsa, kuma tun da kunya ta hana iyaye kiran sunan mahaifansu gatsau, sai a laƙaba masa Abba ko Baffa ko Ummi ko Mai Sunan Baba. Duk mai jin wannan laƙabi ya san akwai wani da ya riga shi ɗaukar sunan, kuma ta haka suna ɗaya yakan yi ta dawowa a gida bayan kowane tsara biyu. A da, wanzami yakan yi wa jaririn tsagar gidansu, ta yadda in ya girma ya je kasuwar wata ƙasa fuskarsa za ta faɗi daga inda ya fito. Maroƙa da zabiyoyi su ne ma'ajiya ta biyu. A wurin biki ko naɗin sarauta, maroƙi ba ya samun kyauta mai tsoka sai ya jero iyaye da kakanni daidai, har da na wajen uwa, kuma in ya yi kuskure akwai tsohuwar da za ta gyara masa a take. Ma'ajiya ta uku ita ce binciken aure, inda dangin kowane ɓangare suke aika amintattu su tambayo asalin ɗayan gidan, da sana'arsu, da halinsu. Ga kuma wasan taubasai tsakanin 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, wanda ke tilasta wa yaro sanin wane ne ɗan gwaggonsa, wane ne ɗan kawunsa. A lura, yawancin waɗannan hanyoyi a hannun mata suke. Kaka ce take sanin wace ce ta auro daga Zango, wace ce aka kai Magarya, wane gida ne aka sha nono tare da shi har aure ya haramta.

Masana tarihi suna da ƙorafi mai nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Sun ce labarin Bayajida bai cika sharuɗɗan tarihi ba. W. K. R. Hallam ya yi nazarinsa a 1966 ya duba yiwuwar alaƙarsa da Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Fatimiyya tawaye a Arewacin Afirka aka kashe shi a 947, amma alaƙar ta tsaya a hasashe. Abdullahi Smith ya nuna a 1970 cewa birane da sarautun Hausa sun tsiro ne sannu a hankali daga ƙauyuka da garuruwa, saboda noma da ƙira da fatauci, ba daga zuwan jarumi guda ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a Infaƙul Maisuri da ya rubuta wajen 1812, ya kawo ruwayar da ta ce Bawo bawan sarkin Borno ne, babu zancen Bagadaza. Na yarda da duk wannan. Sai dai ƙorafin ya rushe ɓangaren uba ne, wato Bagadaza da ɗan sarki da doki, ya bar ɓangaren uwa a tsaye. Abin da Abdullahi Smith ya kafa da hujja, cewa akwai mutane da maƙera da rijiyoyi da tsarin mulki kafin kowane baƙo, shi ne abin da ruwayar take faɗi tun asali ta bakin Ayana da magajiyoyi. Matsalar ta masu sauraro ce da suka fi son jin asali daga Gabas, domin a idon Musulmi kusanci da ƙasar Larabawa daraja ce, har suka manta da sauran labarin.

Wani zai ce to ko da haka ne, tatsuniya ce da ba ta ɗaure kowa. Tarihin ƙarni na 19 ya ƙaryata wannan. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya karɓi Daura da tutar jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa ta kafa sarautu a Zango da Ɓaure, suka zauna shekaru kusan 100 a wajen birnin kakanninsu, wani lokaci ma a ƙarƙashin inuwar Damagaram, amma ba su daina kiran kansu sarakunan Daura ba, ba su kuma watsar da sarautun fadarsu ba. Da Turawan Ingila suka zo a farkon ƙarni na 20, Malam Musa na Zango aka mayar gadon sarautar Daura. Daga shi sai Abdurrahman daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sai Umar Faruk Umar. Turawa suna da nasu lissafin siyasa a wannan mayarwa, babu shakka, amma da salsalar ta ɓace a Zango da ba a sami wanda za a mayar ba. M. G. Smith ya bi diddigin wannan rabuwa da haɗuwa a littafinsa kan al'amuran Daura na 1978, kuma da yawa daga abin da ya rubuta daga bakin masu sarauta ya ji shi.

Ƙorafi na biyu ya fi zafi, domin ya taɓa addini da adalci. Musulunci ya hana alfahari da dangi, kuma an sha amfani da asali wajen ƙasƙantar da mutane. An hana aure saboda an ce kakan yaro bawa ne, ko mahauci, ko maroƙi. Labarin Bayajida da kansa yana da wannan tabo, tun da ya raba 'ya'yan sarauniya da 'ya'yan ƙwarƙwararsa Bagwariya, ya kira na biyun Banza Bakwai, alhali Kabi da Zamfara da Nupe da Kwararrafa dauloli ne da suka girgiza ƙasar Hausa. Ba zan kare wannan ba. Amma maganin mugun amfani da salsala shi ne a faɗe ta cikakkiya. Shari'ar da ta hana alfahari ita ce ta wajabta sada zumunta da raba gado da kiyaye muharramai, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai yiwu ba tare da sanin dangi ba. Wanda ya bi salsalar gidansu ta kowane ɓangare, ba ta uba kaɗai ba, da wuya ya wuce kakanni huɗu bai ci karo da Bafulatana ko Babarbariya ko Buzuwa ko baiwa ba. Mai taƙama da tsarkin jini galibi wanda ya yanke rassan da ba ya so ne. Kuma a gidan sarauta ma ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, yana gado yana hawa karaga.

Abin damuwa a yau shi ne ma'ajiyoyin suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Tsaga ta kusa ƙarewa, kuma akwai dalilan lafiya da suka sa ba za a yi kukanta ba, amma babu abin da ya maye gurbinta. Makarantar boko ta saba wa yara ɗaukar sunan gari a matsayin sunan gida, sai ka ga ɗaruruwan mutane suna amsa Daura ko Zango ko Ɓaure, sunan kaka ya faɗi a hanya. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta ratsa tsakiyar tsohuwar ƙasar Daura, ta bar dangi a Magarya da Matamaye suna karatu da Faransanci, 'yan'uwansu a Mai'aduwa da Turanci. Jerin sarakuna yana rubuce, ana kuma tuna shi duk shekara a bikin Sallar Gani, saboda haka ba shi cikin haɗari. Na gidan Sarkin Maƙera da na gidan liman da na mai saran farko su ne suke cikin kawunan tsofaffi kaɗai. Alhali a kansu ake dogara duk lokacin da mai unguwa zai sa hannu a takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ko alƙali zai raba gonar gado da babu wanda ya taɓa auna ta. Ɗaliban tarihi da na Hausa a jami'o'in jihar Katsina za su iya ɗaukar gunduma-gunduma su zauna da waɗannan tsofaffi, su fara da mata, su rubuta sunan rijiyar farko ta kowane gari da wanda ya haƙa ta da gidajen da suka biyo shi bi da bi, su kuma rubuta ruwayoyin da suka saɓa wa juna yadda aka faɗe su, kowace da sunan gidan da ya bayar da ita.