Sassauta Dokokin Hayaƙin Kwal a Amurka: Wa Zai Ci Riba, Wa Zai Biya?

A watan Afrilun 2025, Shugaba Donald Trump ya ɗaga wa tashoshin lantarki masu ƙona kwal da dama ƙafa na shekara biyu daga wata dokar hayaƙi da aka tsaurara a 2024. A watan Yuni kuma Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, ƙarƙashin Lee Zeldin, ta gabatar da shirin soke wannan tsaurarawar baki ɗaya, tare da dokar da ta taƙaita iskar kabon da tashoshin ke fitarwa. Gwamnati na cewa dokokin ne suka durƙusar da kwal, su kuma likitoci da masu fafutukar muhalli na cewa za a sayar da lafiyar jama'a ne da araha.

Hujjar masu neman sassauci tana da tushe. Bayan kusan shekara ashirin buƙatar wuta a Amurka na tsaye cik, yanzu ta fara hawa, musamman saboda manyan cibiyoyin adana bayanai da ƙirƙirarriyar basira ke dogaro da su. Masu kula da layukan wuta na tsoron a rufe tsofaffin tashoshi kafin sababbi su kankama. Da wannan dalilin ne Ma'aikatar Makamashi ta umarci tashar J.H. Campbell da ke jihar Michigan ta ci gaba da aiki, alhali an shirya rufe ta a ƙarshen Mayun 2025. Sannan akwai garuruwan West Virginia da Wyoming, inda albashin iyali da kuɗin makarantu suka rataya a kan haƙar kwal.

Sai dai idan ana neman abin da ya kayar da kwal, an bar jaki ana dukan taiki. A 2005 kwal ne ke ba da kusan rabin wutar Amurka; zuwa 2023 ya sauko zuwa kashi 16 cikin 100, iskar gas kuwa ta haura kashi 40. Dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ce ta malalo gas mai rahusa, daga baya wutar rana da ta iska suka bi sahu. Babbar dokar kabon ta zamanin Barack Obama ma ba ta taɓa aiki ba, domin Kotun Ƙoli ta dakatar da ita a 2016. Tashoshi sun ci gaba da rufewa har a wa'adin Trump na farko, duk da sassaucin da ya yi. Kamfani na duba abin da zai kashe ne kafin ya samar da wuta, kuma tsohuwar tashar da ta haura shekara arba'in ba ta iya gogayya da sabuwa mai amfani da gas.

Abin da ke rikita muhawarar shi ne an haɗa dokoki iri biyu a buhu ɗaya. Ta farko ta kabon ce, wadda ta shafi ɗumamar yanayi. Dokar kabon ta 2024 ta ce duk tashar da ke son yin aiki daga 2039 zuwa gaba sai ta riƙa kama kashi 90 cikin 100 na kabon ɗinta daga 2032. A nan kamfanoni na da abin cewa, domin fasahar ba ta gama nuna ba. Tashar Kemper a Mississippi ta laƙume sama da dala biliyan bakwai kafin a watsar da shirinta na kama kabon a 2017, ta koma ƙona gas.

Ta biyu, wadda aka tsaurara a 2024, ita ce dokar guba, wato zaiba da sauran ƙarafa masu cutarwa da ke fita cikin ɓurɓushin toka. Ita kam kayan aikinta sun daɗe a hannu. Ana bi da hayaƙi ta cikin wata hasumiya, a yi ta fesa masa ruwan farar ƙasa, ya tsotse farar wutar da ke ciki kafin ya kai bututu. Manyan jakunkunan tacewa kuma su tare tokar. Tun da dokar zaiba ta 2012 ta fara aiki, zaibar da tashoshin ke fitarwa ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Ita zaiba idan ta faɗa tafki sai ta taru a jikin kifi, mai juna biyu ta ci, ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta.

Ɓurɓushin kuwa ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, yana ratsa huhu ya shiga jini. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2023 ya danganta mutuwar dattawa kimanin 460,000 da hayaƙin kwal tsakanin 1999 da 2020. A farkon wannan lokaci sama da mutum 43,000 ke mutuwa duk shekara. Zuwa 2020 adadin ya sauko kusan 1,600, bayan an kafa na'urorin wanke hayaƙi an kuma rufe tashoshi da yawa. A tashar Keystone ta Pennsylvania kaɗai, mace-macen da ake dangantawa da ita sun faɗo daga sama da 600 a shekara zuwa kimanin 80.

Wannan ne ya sa sassaucin ke da ɗaci. Kuɗin da kamfani ya tsira da shi bai ɓace ba, ya koma kan mai ciwon fuka da tsoho mai ciwon zuciya, waɗanda galibi talakawa ne mazauna kusa da tashoshin, ko kuma mutanen wata jihar da iska ta kai wa hayaƙin. Guguwar sassaucin ba ta tsaya a Amurka ba. A watan Yulin 2025 Indiya ta yafe wa mafi yawan tashoshinta kafa na'urar cire farar wuta, wajibin da ta ɗora musu tun 2015.

Gaskiyar magana, ana iya zama a tattauna wa'adin dokar kabon, a kuma bar wasu tashoshi a matsayin ko-ta-kwana har sababbi su samu. Ma'aikatan haƙar kwal, waɗanda yanzu ba su wuce dubu arba'in da 'yan kai ba, sun cancanci fanshon da ba zai salwanta ba da sana'ar da za ta maye gurbin tasu. Amma dokar zaiba da toka an gwada ta, an ƙirga rayukan da ta ceta, kuma yawancin tashoshi sun riga sun sayi kayan aikin. Janye tsaurarawar da aka yi mata ba zai dawo da kasuwar da gas ya ƙwace ba. Ladarsa ƙalilan ɗin tashoshin da suka ƙi gyarawa ne za su kwashe, maƙwabtansu kuma su biya da numfashinsu.