Tsadar Lasifikar Kunne da Ingancin Sautinta: Ina Suka Haɗu, Ina Suka Rabu?

A shekarar 2015 kamfanin Sennheiser na ƙasar Jamus ya fito da wata lasifikar kunne, wato abin da jama'a ke kira hedifon, mai suna HE 1, ya yanka mata farashi kimanin Yuro 50,000. Akwatin amfilifayarta da marmarar Carrara ta ƙasar Italiya aka sassaƙa shi. Magajiya ce ga Orpheus, wadda kamfanin ya ƙera guda 300 kacal a 1991. A wannan shekara ta 1991 ne kuma Sony ya fito da MDR-7506, wadda har yau ba ta wuce kimanin Dala 100 ba, kuma ita ce ake gani a kawunan ma'aikatan gidajen rediyo da masu ɗaukar sautin fina-finai a sassa da dama na duniya. Tsakanin waɗannan biyu akwai tazarar kuɗi ninki kusan 500. Me mai saye ke samu da wannan rarar, kuma nawa ne daga cikinta kunne ke iya shaidawa?

Aikin lasifikar kunne ɗaya ne, ko mai tsada ko mai araha: ta kaɗa wani siririn tantani domin ya motsa iskar da ke bakin kunne, kamar yadda fatar ganga ke motsa iska idan an buga ta. Inda suka bambanta shi ne abin da ke kaɗa tantanin. Mafi yawansu naɗin siririyar waya ne ake manna wa tantanin a saka shi cikin maganaɗisu, lantarki na ratsawa yana turawa yana janyewa. Kamfanin Beyer na Jamus ya fito da irin wannan tun 1937. Nau'i na biyu, wanda kamfanonin Audeze da HiFiMan suka farfaɗo da shi, shimfiɗa wayar ake yi a kan tantanin baki ɗaya tsakanin jerin maganaɗisu, ta yadda duk faɗinsa zai motsa tare. Na uku ba ya amfani da maganaɗisu sam. Tantanin, wanda ya fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba, ana ɗora masa cajin lantarki a rataye shi tsakanin faranti biyu masu huji. Kamfanin Stax na Japan ya fara sayar da irinsa a 1960, kuma nasa na yanzu na buƙatar bolt 580, shi ya sa ba a jona shi a wayar hannu sai da amfilifayarsa ta musamman. HE 1 na cikin wannan rukuni. Rashin nauyin tantanin na rage gurɓatar sauti ƙwarai, wannan gaskiya ne da awo ya tabbatar. Sai dai lasifikar maganaɗisu mai kyau ma ta riga ta rage gurɓatar zuwa inda da wuya kunne ya tsinkaye ta a ƙarar da aka saba sauraro.

Abin da ya fi tasiri a kan abin da mutum ke ji shi ne yadda lasifikar ke raba ƙarfi tsakanin sautuka masu kauri da matsakaita da sirara. Ana auna wannan da yawan kaɗawar iska a daƙiƙa guda, ma'aunin da ake kira hats. Kunnen matashi mai lafiya na jin daga hats 20 zuwa kimanin 20,000. Wanda bai zurfafa ba zai zaci lasifikar da ta ba kowane mataki ƙarfi daidai wa daida ita ce mafi kyau. A lasifikar kunne abin ba haka yake ba. Sautin da ya taso daga makaɗi a fili sai ya bugi kafaɗa da kai da leɓatun kunne kafin ya shiga, sannan ramin kunnen kansa na ƙara wa sautukan da ke wajen hats 3,000 ƙarfi. Ƙwaƙwalwa ta saba da wannan ƙari tun yarinta, da shi take gane sauti na asali. Lasifikar da ke manne da kunne ta tsallake wani ɓangare na wannan hanya, don haka wajibi ne maƙerinta ya shirya ta yadda sautin da zai isa dodon kunne ya yi kama da wanda aka saba. Idan ya gaza, murya ta dushe kamar ana magana a bayan labule. Idan ya zarce, ta riƙa soka kunne. Ga shi kuma kunnuwan mutane ba siffa ɗaya ba ne. Wannan ne tushen mafi yawan musun da ake yi tsakanin masu sha'awar sauti: mutum biyu kan saurari lasifika ɗaya, amma ba abu ɗaya ne ya isa dodon kunnensu ba.

Daga 2013 ne Sean Olive da Todd Welti, masu bincike a kamfanin Harman na Amurka, suka fara wallafa sakamakon gwaje-gwajen da suka yi don gano rabon da mutane suka fi so idan ba su san sunan lasifikar ko kuɗinta ba. Sun gano cewa mafi yawan masu sauraro, ƙwararru da waɗanda ba ƙwararru ba, sun karkata ga rabo guda, wanda ya yi kama da sautin lasifikar ɗaki mai kyau tare da ɗan ƙarin kauri. A wani gwaji da suka bayyana a 2018, inda mutum 130 suka auna samfuri 31, dangantakar farashi da abin da aka fi so ta kasance mai rauni ƙwarai. Ya kamata a tuna cewa Harman shi ma mai sayar da lasifika ne, shi ke da AKG da JBL. Amma a 2017 Jeroen Breebaart ya nazarci awon lasifikun kunne 283 a mujallar ƙungiyar masana sauti ta Amurka, shi ma bai sami wata alaƙa ta a zo a gani ba tsakanin farashi da yadda suke raba sautuka. Bahaushe ya ce araha ba ta ado. A nan dai awo ya nuna wani lokacin tana yi, kuma tsada ma takan fita ba ado.

Me ya sa to wanda ya sayi mai tsada ke rantsuwa ya ji bambanci? Sau da yawa ya ji ɗin, domin lasifiku sun bambanta da gaske. Abin da ba a tabbatar ba shi ne bambancin ya fi kyau. Akwai kuma tarko biyu. Na farko, idan aka kunna abu biyu ɗaya ya ɗara ɗan uwansa ƙara ko da kaɗan, kunne kan ɗauke shi a matsayin wanda ya fi armashi, shi ya sa gwaji na gaskiya ke daidaita ƙarar tukuna. Na biyu shi ne ido da zuciya: wanda ya ga marmara da fata, ya kuma san abin da ya fita daga aljihunsa, ya riga ya yi rabin hukunci kafin kiɗa ya fara. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun gwada masu sauraro a ɓoye tsakanin sauti mai babban ma'auni da wanda aka mayar ma'aunin faifan CD. Cikin gwaji 554 an dace sau 276, wato daidai da canki-canka. Shi ya sa tallar cewa HE 1 na kaiwa sama da hats 100,000 ba ta da wata fa'ida ga kunnen ɗan Adam, ballantana na wanda ya haura shekara 40, wanda galibi ya riga ya yi sallama da abin da ya wuce hats 15,000 ko 16,000.

Wannan ba ya nufin kuɗi ba sa sayen komai. Tsakanin 'yar wayar kunnen da ake sayarwa a bakin titi da lasifika irin HD 600, wadda Sennheiser ya fito da ita a 1997 kuma kuɗinta bai wuce 'yan ɗaruruwan Daloli ba, akwai rata wadda kowa zai ji. A wannan mataki ana sayen daidaito tsakanin kunnen dama da na hagu, da sassan da ake iya sauyawa idan sun lalace, da rashin gajiyar da kai bayan awanni. Daga nan ne ribar ke ƙanƙancewa. Focal Utopia ta Faransa, wadda ta fito a 2016 a kan Dala 4,000, da ƙarfen beriliyom aka yi tantaninta, mai tauri da rashin nauyi amma mai wuyar sarrafawa. Aikin hannu da ƙarancin adadi da suna su ne kaso mai tsoka na wannan kuɗi. Halas ne mutum ya saye su, kamar yadda ake sayen agogon alfarma alhali na roba ma na faɗar lokaci.

Mai nazarin harshe ko waƙar baka yana da nasa lissafin. Karin sautin muryar namiji na yawo ne a ƙasa da hats 200, yayin da gogar iska a furucin /s/ da /ts/ ke can sama da hats 4,000. Duk lasifikar da ba ta cika kauri ba za ta fito da su sarai, ta kuma bambance /ƙ/ da /k/. Wadda aka ƙara wa kauri don armashin kiɗan zamani ita ce ke binne baƙaƙe. Wanda kuma ke sauraron tsofaffin kaset na Alhaji Mamman Shata ya sani cewa babu lasifikar da za ta dawo da abin da na'urar ɗauka ba ta kama ba. Mai tsadar ma sai ta ƙara bayyana shuuwar zaren. Haka nan mafi yawan manyan lasifikun nan buɗaɗɗun baya ne, salon da Sennheiser ya fara da HD 414 a 1968. Suna ba da jin fili da sarari, amma ba sa tare hayaniyar waje, don haka a ofishin da janareto ke ruri fifikonsu ya tafi, sai dai mutum ya ƙara ƙara. Nan kuma akwai haɗari: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 na raba wannan lokaci biyu.

Akwai wani abu da masu awo suka sha lura da shi wanda tallace-tallace ba sa ambata. Idan soson da ke kewaye kunne ya tsufa ya lotsa, rabon sautukan kan sauya sosai, wani lokaci fiye da bambancin da ke tsakanin samfura biyu na kamfani ɗaya. A rufaffiyar lasifika kuwa, ƙafar tabarau ko bakin hula da ya shiga ƙarƙashin soson ya isa ya buɗe wa iska kafa, kaurin sautin ya zube.