Android ko iPhone: Wacce Za Mu Saya wa Yaro?

Ran nan bayan sujada wani dattijon ikkilisiya ya tsai da mu a bakin ƙofa. 'Yarsa ta sami shiga jami'a, ta ce iPhone take so, shi kuwa kuɗin masarar da ya sayar bai kai rabin kuɗinta ba. Ya ce, "Malam, ashe wayar ma iri-iri ce kamar taki?"

Lalle iri-iri ce, amma manyan gidaje biyu ne. Kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPhone a shekara ta 2007, shi kaɗai yake ƙera ta. Android kuwa ta Google ce, wayarta ta fari ta fito a 2008, aka kuma bar kamfanoni da yawa su yi aiki da ita. Samsung, Tecno, Infinix, itel, duk 'yan gida ɗaya ne. Shi ya sa ake samun mai tsada da mai araha. A duniya, cikin wayoyi 10 wajen 7 Android ne. A Amurka iPhone ce kan gaba. A nan wurinmu fa, duk wanda ya zaga kasuwar Farm Centre a Kano ya san Android ce ta cika rumfuna, ga masu gyara, ga kayan gyara a kusa.

Abin da yawancinmu muke yi da waya, dukansu biyu suna yinsa. WhatsApp na zumuntar mata, aika kuɗi gida, Littafi Mai Tsarki da Hausa cikin manhajar YouVersion, babu wanda ya bambanta.

Bambancin yana wajen ƙofa. A ƙasashenmu iPhone ba ta karɓar manhaja sai daga shagon Apple. Android tana da nata shago, wato Google Play, amma tana barin mutum ya karɓa daga wani wuri. Wannan alheri ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Mun sha ganin matasa suna tura wa juna waƙoƙin mawaƙa da Xender ba tare da kashe ko kwabo na data ba. Amma ƙofar da baƙo ya shiga, ta nan ɓarawo yake bi. Akwai manhajojin ba da rance da sukan kwashe lambobin da ke cikin waya, in mutum ya makara biya su aika wa surukansa da fastonsa saƙon cin mutunci. A 2023 Google ta hana irin waɗannan taɓa lambobi da hotunan mutane, amma wadda aka karɓo ta bayan gida ba ta bi ta shagon ba balle a bincike ta.

Kada kuma iPhone ta hannu ta ruɗe mu. In mai ita na fari bai cire asusunsa ba, tana iya kullewa, ta zama madubi kawai.

Muka ba dattijon shawara ya sayi sabuwar Android mai batir mai ƙarfi, gama wutar ɗakin kwanan ɗalibai sai a hankali, ya riƙe sauran kuɗin don rajista. Yarinyar ta yi kwana biyu tana kumburi. Ran Lahadi ita ce ta turo mana hoton ɗakin karatunsu.