Lasifika mai tsayuwa a ƙasa

Lasifika mai tsayuwa a ƙasa, wadda wasu ke kira doguwar lasifika, nau'in lasifikar gida ce da ake girkewa a daɓen ɗaki kai tsaye, ba a ɗora ta a kan tebur ko kanta, ba a kuma rataye ta a bango. Tsayinta yakan kama daga santimita 80 zuwa 120, kuma bibbiyu ake sayar da ita, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ana amfani da ita wajen sauraron kiɗa da waƙa da karatu, da kuma haɗa sautin kallon fim a gida, abin da a kasuwannin Najeriya ake kira hom tiyata. Girman akwatinta ne ke ba ta damar fitar da sauti mai kauri fiye da ƙananan lasifikoki. Sai dai girma da yawan wat ɗin da aka rubuta a kwali ba su ne ma'aunin inganci ba. Abin da ke sa ta yi daɗin ji shi ne dacewarta da ɗakin da za ta zauna, da amfilifayar da za ta tuƙa ta, da irin wutar da gidan ke samu.

Tarihi

A shekarar 1915 Peter Jensen da Edwin Pridham suka ƙera lasifika mai naɗin waya a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka sa mata suna Magnavox. Tsarin da ake bi har yau kuwa ya fito ne daga aikin Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric, wanda suka bayyana a 1925. A 1931 Alan Blumlein, injiniya ɗan Ingila, ya yi rajistar fasahar sauti mai hanya biyu, wato sitiriyo, wadda ita ce dalilin da ya sa ake jera lasifika dama da hagu.

Paul Klipsch ya fara ƙera babbar lasifikarsa ta kusurwar ɗaki, Klipschorn, a 1946. A 1954 Edgar Villchur ya nuna cewa rufaffen akwati madaidaici ma zai iya ba da sauti mai kauri, da lasifikarsa AR-1. Daga baya binciken Neville Thiele da Richard Small a Ostireliya, tsakanin shekarun 1960 da 1970, ya ba injiniyoyi hanyar lissafa girman akwati tun kafin a yanka katako. Tsarin sautin fim na Dolby Digital ya shiga gidajen sinima a 1992, faifan DVD ya kai shi gidajen jama'a, sannan Dolby Atmos ya biyo baya a 2012.

Yadda take aiki

Sauti kaɗawar iska ce. Ana ƙidaya yawan kaɗawar a daƙiƙa ɗaya da ma'aunin Hz. Lafiyayyen kunnen matashi yana jin daga Hz 20 zuwa 20,000. Ƙaramar lamba ita ce sauti mai kauri irin na tambari ko tsawa, babbar lamba kuma siririn sauti irin na kacau-kacau.

A gaban akwatin akwai bakunan sauti masu siffar kwano. Kowane baki yana da maganaɗisu da naɗin waya. Idan amfilifaya ta turo wuta cikin naɗin, sai ya yi ta kai da komo, ya kaɗa kwanon, kwanon ya kaɗa iska. Baki ɗaya ba ya iya ɗaukar dukkan sauti da kyau, shi ya sa ake raba aikin. Babban baki, wanda masu gyara ke kira wufa, shi ke da sauti mai kauri. Ƙaramin da ke can sama, tuwita, shi ke da siriri. A wasu lasifikokin akwai na tsakiya mai ɗaukar muryar mutum. Cikin akwatin akwai allon marabar sauti da ke aika wa kowane baki rabonsa. Lasifika mai hanya biyu ta raba sautin gida biyu, mai hanya uku gida uku. Yawan bakuna ba ya nuna inganci, domin a wasu masu araha akan lika bakunan ado waɗanda ba a haɗa su da waya ba.

Akwatin iri biyu ne mafi yawa: rufaffe, da mai rami a gaba ko a baya. Ramin yana ƙara kaurin sauti, amma idan a baya yake, dole a bar tazara tsakaninsa da bango. Akan yi akwati mai kyau da katakon MDF mai kauri, da tokara a ciki. Idan aka ƙwanƙwasa gefensa ya yi ƙara kamar gangar da ba kowa a ciki, to zai riƙa gauraya nasa amon da na waƙar.

Lambobin da ke jikin kwali

Wat shi ne abin da aka fi ruɗin mai saye da shi. Lambar da ke da amfani ita ce ta RMS, wadda ke nuna ƙarfin da na'ura ke iya ɗauka ko bayarwa a kai a kai. Lambar PMPO, wadda akan rubuta da manyan haruffa ta kai dubbai, ba ta da tsayayyen ma'auni da kamfanoni suka yarda da shi. Hanya mai sauƙi ta gane gaskiya ita ce duba bayan na'urar: wadda ke jan wat 60 daga soket ba za ta ɗore tana fitar da wat 3,000 ba.

Ƙarfin amsawa ya fi wat muhimmanci. Shi ne yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa, a ma'aunin desibel, idan aka ba ta wat ɗaya aka auna daga nisan mita ɗaya. Yawancin dogayen lasifikoki suna tsakanin 86 da 92. Kowane ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka wat sau biyu. Don haka lasifika mai 87 tana buƙatar wat 100 kafin ta kamo ƙarar da mai 90 ke bayarwa da wat 50. Kunne kuwa ba ya jin ƙara ta ninku sai an ƙara kusan desibel 10, wato an ninka wat sau goma.

Turjiya, wadda ake aunawa da om, takan kasance 4, 6 ko 8. Mai om 4 ta fi jan wuta daga amfilifaya, kuma tana iya sa ƙaramar amfilifaya ta yi zafi ta kashe kanta. A bayan kowace amfilifaya akwai rubutun mafi ƙarancin om da za ta iya ɗauka. Haɗa lasifika biyu masu om 8 a mahaɗa ɗaya yana mayar da su om 4.

Faɗin sauti shi ne iyakar kauri da sirantaka da lasifika ke kaiwa. Doguwar lasifika mai kyau takan sauka zuwa Hz 35 ko 45, wanda ya ishi kusan duk kayan kiɗa, tun da mafi kaurin tsirkiyar jitar bes yana wajen Hz 41.

Amfilifaya

Akwai lasifika mai amfilifaya a cikinta, wadda ake jona wa soket, sau da yawa da Bluetooth da wurin sa filashi. Akwai kuma wadda sai an haɗa ta da amfilifaya ko risiba daban. Ta farko ta fi sauƙin haɗawa da araha, amma idan allon cikinta ya ƙone, duka ta tsaya. Ta biyu takan yi shekaru da yawa, ana sauya amfilifaya ita tana nan.

Ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe tana iya ƙona lasifika kamar yadda babba ke yi. Idan ƙarfinta ya ƙare sai ta riƙa fitar da gurɓataccen sauti mai kaushi, wanda ke zafafa naɗin tuwita. Da zarar sauti ya fara tsagewa, alama ce ta a rage.

Kiɗa da kallon fim

Don sauraron waƙa lasifika biyu sun wadatar. A tsarin 5.1 na kallon fim kuwa, dogayen biyu su ne na gaba, sai ta tsakiya a ƙarƙashin talabijin wadda ke ɗauke da yawancin maganar 'yan wasa, sai biyu a gefe ta baya, sai sabwufa mai sauti mafi kauri. Ƙa'idar Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta sa na gaba a digiri 30 dama da hagu daga mai kallo, na gefe kuma wajen digiri 110. Akan miƙa wa sabwufa duk sautin da ke ƙasa da Hz 80. An fi so ta tsakiya ta zama kamfani ɗaya da jeri ɗaya da na gaba, don kada murya ta sauya idan ta ratsa daga gefe zuwa gefe.

Akasarin waƙoƙi da finafinan Kannywood da ake kallo a YouTube ko ake turawa ta waya sautinsu mai hanya biyu ne. Ga mai irin wannan kallo, kuɗin da zai raba wa lasifika shida marasa ƙarko ya fi amfani idan ya zuba shi a kan biyu masu kyau.

Ɗaki da wurin ajiyewa

Kaso mai yawa na abin da kunne ke ji a ɗaki ya bugi bango ne ya dawo. Gidajen bulo da siminti masu daɓen tayil, irin waɗanda suka yawaita a sababbin unguwannin Kumbotso kamar Na'ibawa, Sheka da Panshekara, suna da yawan amsa-kuwwa. Idan aka tafa hannu a tsakiyar falo aka ji ƙarar ta daɗe tana yawo, ɗakin na buƙatar kafet ko darduma, labule mai kauri da kujerun kushin.

Kowane ɗaki yana da sautin da yake kumburawa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka ɗaki mai tsawon mita 4 yana ƙarfafa sautin wajen Hz 43. Babbar lasifika a ƙaramin ɗaki takan yi ruri har kaurin ya danne muryar mawaƙi. Ɗakin da bai wuce mita 3 zuwa 4 ba ya fi dacewa da ƙananan lasifikoki. Doguwa ta fi kyau a falo mai faɗi.

Akan bar rabin mita ko fiye tsakanin lasifika da bango, a guji cusa ta a kusurwa. Tazarar da ke tsakanin biyun ta yi daidai da nisan kowace zuwa mai sauraro, a ɗan karkato fuskarsu gare shi. Masu ƙira suna sa tuwita daidai kunnen wanda ke zaune a kujera. A falon da ake zama a ƙasa kan kafet, siririn sautin yakan wuce ta saman kai, don haka gajeruwar lasifika ko ƙara nisa ya fi. A kan tayil ƙafafun roba sun fi na ƙusa, kuma faffaɗan gindi yana hana ta faɗuwa a gidan da ke da yara.

Wuta da yanayi a Kano

Wutar Najeriya volt 230 ce. Babbar tashar rarraba wuta ta TCN da ke Kumbotso ita ke karɓar layin kilovolt 330 da ke shigowa Kano, kamfanin KEDCO kuma ke rabawa gidaje da masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai. Ɗaukewar wuta, da raguwarta, da sauyawa zuwa janareta su ne manyan abokan gabar amfilifaya. Shi ya sa ake sa sitabilaiza da na'urar kariya daga bugun wuta, a kuma kashe amfilifaya kafin a tayar da janareta. Inbata mai tsaftatacciyar wuta ta fi, domin mai araha kan sa lasifika gunji. Amfilifayar da aka yi don Amurka ta volt 120 ce, ta Japan kuma 100, kuma za su ƙone idan ba a sa musu taransifoma mai rage wuta ba.

Ƙurar hunturu tana toshe ramukan shan iska na amfilifaya, zafin watan Afrilu da kan kai digiri 40 yana ƙara mata wahala. Danshin damina kuma yana kumbura katakon MDF idan ruwa ya taɓa gindinsa.

Saye da gwaji

Yawancin lasifikokin da ke kasuwannin Kano, musamman Sabon Gari, shigo da su ake yi, sau da yawa ta kasuwar Alaba da ke Legas. Akwai sababbi, akwai na hannu da ake kira tokumbo, akwai kuma akwatunan da kafintoci ke haɗawa, waɗanda aka fi yi don taron biki. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su, FCCPC kuma kare haƙƙin mai saye.

Masu sanin harkar suna gwadawa da waƙar da suka saba ji, da muryar mai magana, a matsakaiciyar ƙara. Kalangu da goge suna tona asirin sautin tsakiya, inda raunin lasifika ya fi ɓoyewa. Idan ana kwatanta biyu, a daidaita ƙararsu, domin kunne kan fifita wadda ta fi ƙara. A ta hannu akan duba zoben da ke kewaye da wufa, don na soso yana ruɓewa, a kara kunne a kowane baki, a kuma tura kwanon a hankali a ji ko yana gugar wani abu. Mitar gwaji takan nuna om 5 zuwa 7 a lafiyayyar lasifika mai om 8. Rasit da takardar garanti su ne hujjar mai saye idan matsala ta taso.

Lafiyar kunne da maƙwabta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma a desibel 90 awa 4 ne kacal. Lasifika mai ƙarfin amsawa 90 tana kai desibel 100 da wat 10 kawai. Illar taruwa take yi, don haka ma'aikacin da ya yini cikin ƙarar injin masaƙa ko na roba a Challawa ya riga ya ci wani kaso na abin da kunnensa zai iya ɗauka kafin ya koma gida. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Sauti mai kauri ya fi ratsa bango, kuma shi ke damun maƙwabta a gidajen haya. Najeriya tana da dokokin ƙayyade ƙara na 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, waɗanda suka sa iyakar dare ƙasa da ta rana a unguwannin zama. Yawancin risibobi suna da tsarin dare da ke rage tsawar fim ya bar magana a fili.