Tsoron Wa Kare Yake Ji a Gaban Likita?

Mafarauci a Birchi kan sha mamaki: karen da ba ya shakkar dila a dawa, da zarar an kai shi allurar rigakafin haukan kare sai ya hau kyarma yana nuna haƙora. Mai riƙe da igiyar yana da nasa kason laifin. A 2022 masana a Jami'ar Queen's ta Belfast sun nuna cewa kare na sansano damuwar mutum daga guminsa da numfashinsa. A 2024 kuma aka auna bugun zuciyar karnuka 28 da na masu su, aka ga idan na ubangida ya sauya, na karen kan bi sahu. Don haka a sassauta igiya, a bar tsawa, a ƙyale shi ya shinshina wurin tukuna. Firgitaccen kare shi ke kai wa ma'aikaci cizo, a koma gida ba allura.