Yadda Batir Ke Samar da Wutar Lantarki

Mutane da yawa sun ɗauka cewa ɗura wutar lantarki ake yi a cikin batir, kamar yadda ake zuba ruwa a tulu. Alhali kuwa sinadarai ne a cikinsa, kuma wutar ba ta samuwa sai sun shiga aiki da juna.

A ɗauki batirin tocila a matsayin misali. Gwangwaninsa na tutiya ne, shi ne gefen da ke da alamar ɗebewa. A tsakiya akwai sandar gawayi wadda aka kewaye da wani baƙin gari mai suna manganis dayokzayid, nan ne gefe mai alamar tarawa. Tsakanin su biyun akwai wani danshin kwaɓi mai gishiri. Da zarar an kunna tocila, sai tutiyar ta riƙa narkewa a hankali, tana sakin wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilaktiron. Waɗannan ƙwayoyi ba sa iya ratsa kwaɓin, don haka dole su bi ta waya, su ratsa ƙwan fitila, kafin su isa ɗaya gefen. Wannan gudu nasu shi ne wutar lantarki.

Alessandro Volta, mutumin Italiya, shi ya fara gano dabarar a shekarar 1800, inda ya jera fayafayan tutiya da na jan ƙarfe, ya raba su da ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri. Don girmama shi ne ake kiran ma'aunin ƙarfin tura wuta da suna bolt. Batirin tocila kuwa ya samo asali ne daga aikin Georges Leclanché na Faransa a 1866. Babba ne ko ƙarami, bolt 1.5 yake bayarwa, sai dai babban ya fi daɗewa domin ya fi yawan sinadari.

Idan sinadaran suka cinye, batir ya mutu ke nan. Masu shanya shi a rana suna ganin ya ɗan farfaɗo ne saboda zafi yana zaburar da ragowar sinadaran, amma ba ya mayar da abin da ya riga ya ƙare. Batirin mota, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro irinsa a 1859, ya sha bamban. Yana da ɗakuna shida masu faranta na dalma cikin ruwan asid, kowanne na ba da kimanin bolt 2, jimla 12. Idan aka tura masa wuta daga waje, sai sinadaransa su koma yadda suke da farko, abin da ake kira caji ke nan. Haka batirin lisiyom na wayar hannu yake, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991.

Wajibi ne a yi hattara. Mataccen batir yakan yi yoyo ya lalata rediyo, jefa shi a wuta na iya sa ya fashe, dalma kuma guba ce, musamman ga yara.

Malamai na iya nuna wa ɗalibai wannan darasi a aji. A soka ƙusar rufin kwano, wadda aka shafe da tutiya, da guntun wayar jan ƙarfe a jikin lemon tsami, ba tare da sun taɓa juna ba. Idan aka haɗa su da mitar awon wuta, za ta nuna kusan bolt 1.