Aikatau ɗin “Beg”: Asalinsa, Ma'anoninsa da Koyar da Shi a Yankin Kafanchan

Daga cikin kalmomin Ingilishi da malamin Hausa yake cin karo da su a darasin fassara, kaɗan ne suka kai aikatau ɗin “beg” ruɗarwa. Kalma ce mai gaɓa ɗaya tak, amma ɗalibi yakan shigo aji da ma'anarta tun daga kasuwa, kuma galibi ba ita ce ma'anar da takardar jarrabawa take nema ba.

An fara ganin kalmar a rubuce a farkon ƙarni na 13, da siffar “beggen”. Dangane da tushenta, manazarta sun rabu gida biyu. Wasu suna danganta ta da “bedecian” ta Tsohon Ingilishi, 'yar'uwar “biddan”, wato roƙo ko addu'a. Daga wannan zuriya ce “bead” ta fito, domin da ƙwayoyin carbi ake ƙirga addu'a, kamar dai yadda tasbaha ta samo sunanta daga tasbihi. Wasu kuwa suna ganin ta fito ne daga sunan Beghard, wata ƙungiyar masu ibada ta Kirista da ta yaɗu a ƙasashen da a yau ake kira Beljiyam da Holan, waɗanda da yawansu suka rayu a kan sadaka. Ko wanne aka ɗauka, neman abu a hannun wanda ya fi ƙarfi shi ne ginshiƙin ma'anar. Daga baya kalmar ta shiga zancen ladabi, kamar “I beg your pardon”, da kuma “I beg to apply” da akawunan zamanin mulkin mallaka suka gadar wa masu rubuta takardar neman aiki.

A Kafanchan al'amarin ya ƙara sarƙewa. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya mayar da garin mahaɗa a wajajen 1927, ma'aikata daga kudancin ƙasar nan suka zo da Turancin Buroka, wanda a cikinsa “abeg” ba ta wuce “don Allah” ba. Yaron Fantswam ko Bajju ko Atyap ko Ham yana da harshen gida, ga Hausar hulɗa, ga Buroka, sannan ga Ingilishin makaranta. Idan ya rubuta “I begged him”, abin da yake nufi sau da yawa shi ne “na ba shi haƙuri”. Baturen Ingila kuwa zai tsaya jiran jin abin da aka roƙa.

A nan ne muke ganin Hausa ta fi Ingilishi rarrabewa, kuma abin takaici ne a bar wannan arziki a ƙofar aji. Bara aikin mabaraci ne. Magiya naci ce tare da ƙasƙantar da kai. Neman alfarma yana tafiya da sanin girman wanda ake nema a wurinsa, ban haƙuri kuma yana biyo bayan laifi. Roƙo ya fi su faɗi duka, tun da Musulmi da Kirista na wannan yanki kowa Allah yake roƙo, kuma a wannan muhalli “pray” ce ta dace, wadda ta shigo Ingilishi daga Latin ta hanyar Faransanci. Ɗalibin da aka haddatar masa cewa roƙo shi ne “beg” kawai, zai kira maroƙin fadar Sarkin Jama'a “beggar”, alhali sana'ar maroƙi kirari ce da yabo, kuma yana da matsayinsa a fada. Wannan ya wuce kuskuren nahawu, ya zama cin fuska.

Saboda haka muna ba masu tsara manhaja shawarar a daina jera wannan kalma da takwara guda a jadawalin kalmomi. A ba ɗalibai jimloli cikakku, su bayyana wane ne yake nema, a wurin wa, kuma me ake nema, kafin su zaɓi kalmar Hausa. “Abeg” ɗin da suka zo da ita ma kada a kore ta da bulala. A rubuta ta a allo kusa da “please” da “don Allah”, a nuna musu cewa a wasiƙar hukuma “please” ce take tsayawa a gurbinta.